Taswirar Tudu da Kwari: Nauyin da ke Wuyan Malamin Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin tudun da birnin Sakkwato yake zaune a kai, ya fuskanci arewa, zai ga ƙasa ta gangara zuwa shimfiɗaɗɗiyar fadamar da Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suke haɗuwa a cikinta. Da rani fadamar takan cika da albasa da tumatir da shinkafa, da damina kuwa ruwa yakan karɓi abinsa. A watan Satumba na shekarar 2010 ruwan ya wuce inda aka saba ganinsa. Ya cinye gonaki da ƙauyuka, ya kuma yanke gadar da ke kan hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, har ta kai ga an dakatar da karatu na wani lokaci. Mutane da yawa sun yi mamakin wuraren da ruwan ya kai. Amma wanda ya iya karatun taswirar da ke nuna tudu da kwari ba zai yi mamaki ba, domin ruwa ba ya hawa tudu ya bar gangare, kuma gangaren a zane yake tun kafin ruwan ya zo.

Ra'ayin da wannan muƙala take ɗauke da shi shi ne, karatun irin wannan taswira, da tattara sunayen tuddai da kwaruruka da turbobin daji da ya kamata su hau kanta, aiki ne da ya rataya a wuyan malamin Hausa kamar yadda ya rataya a wuyan malamin labarin ƙasa. Dalili kuwa shi ne, rabin taswira awo ne, sauran rabin kuma harshe ne. Safiyo yana iya auna tsayin dutse, amma ba ya iya sanin sunansa sai an gaya masa, kuma ba ya iya rubuta sunan daidai sai ya san ƙa'idar rubutun harshen.

2.0 Ma'anar Taswirar Tudu da Kwari

Taswira iri-iri ce. Akwai wadda ke nuna iyakokin ƙasashe da jihohi, akwai ta hanyoyin mota, akwai kuma ta ruwan sama. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce mai bayyana siffar doron ƙasa kanta, wato inda ya tashi da inda ya faɗa, tare da gulabe da ƙoramu da tafkuna da dazuzzuka da rijiyoyi da turbobin ƙafa. Abubuwa uku ne ginshiƙanta.

Na farko shi ne ma'auni. Idan an rubuta 1:50,000 a gindin taswira, ana nufin santimita 1 a kan takarda daidai yake da mita 500 a ƙasa, wato santimita 2 su ne kilomita 1. Na biyu shi ne mabuɗi, inda ake fayyace ma'anar kowace alama da kowane launi. Na uku, wanda shi ne ruhin taswirar, shi ne layin tsayi. Wannan layi ne da ke haɗa dukkan wuraren da tsayinsu daga fuskar teku ya zo ɗaya. Hanya mafi sauƙi ta fahimtarsa ita ce a kifa ƙwarya a cikin daro, a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Duk lokacin da ruwan ya ƙaru da faɗin yatsa guda, sai a zagaye bakin ruwan da alli a jikin ƙwaryar. Idan aka kwashe ruwan aka leƙo ƙwaryar daga sama, za a ga da'irori, wata cikin wata. A gefen ƙwaryar, inda hawan yake da tsanani, da'irorin za su matsi juna, a samanta kuwa, inda ta ɗan baje, za su yi nesa da juna. Haka abin yake a taswira. Layuka masu cunkoso suna nuna hawa mai wuya ko gangare mai haɗari, layuka masu tazara kuma suna nuna fili. Inda layukan suka lanƙwashe kamar bakin mashi suna nuna wajen tudu, to, ƙorama ce ko kwazazzabo ya ratsa wurin.

Amfanin wannan ga matafiyi a bayyane yake. Kilomita 10 a kan fako ba ɗaya suke da kilomita 10 a cikin duwatsu ba. Taswirar hanyoyin mota tana faɗin nisa kawai, amma taswirar tudu da kwari tana faɗin wahalar tafiyar, da inda za a sami ruwa, da inda za a ƙetare gulbi.

3.0 Sakkwato Ba Baƙuwar Taswira Ba Ce

Akwai masu ɗaukar cewa zanen ƙasa ilimi ne da Turawa suka zo da shi. Tarihin Sakkwato bai goyi bayan wannan zato ba. Tun a 1812 Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri da bayanin ƙasashen Tukururu da al'ummominsu. A watan Maris na 1824 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, ya sauka a hannun Waziri Giɗaɗo. Babban abin da ya kawo shi shi ne neman sanin inda kogin Kwara ya nufa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa tafiyar kogin a kan yashi, daga baya kuma aka ba shi taswira a kan takarda. An buga wannan taswira a Landan a 1826 da sunan Bello. Ke nan a wancan lokaci Bature ne mai tambaya, Basakkwace ne mai amsawa.

Bayan ilimin fada akwai na bakin hanya. Kowane ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, yana kuma da jagaba, wanda aikinsa shi ne sanin hanya. A cikin kansa akwai jerin zanguna tun daga Sakkwato da Jega har zuwa Salaga, da mashigin kowane gulbi, da inda turba ke ratsa duwatsu. Haka ma Buzaye masu ayarin gishiri suka san mashigan tsaunukan Azbin, inda dutsen da ya fi tsayi ya kai mita 2,022.

Dajin Gundumi, wanda ke gabas da Sakkwato, ya isa misali na abin da rashin wannan sani yake jawowa. A ƙarni na 19 daji ne marar gari, mai ƙarancin ruwa, ga kuma tsoron mahara. Matafiya sukan cika salkunansu su ratsa shi da gaggawa. Clapperton ya sha ƙishirwa a cikinsa. Heinrich Barth, wanda ya bi ta nan a 1853 kafin ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya yi tafiyar yini da kwana ba tare da ya yada zango ba. A irin wannan wuri, kuskuren turba guda yana iya zama sanadin ajali. Shi ya sa Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari.

4.0 Da'irar Mil 100

Tarihin Sakkwato ya kuma nuna abin da ke faruwa idan aka yi zane ba tare da sanin ƙasa ba. A ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a kan yarjejeniyar raba yankunan da suke nema a Afirka ta Yamma. Da suka zo kan iyakar arewacin Daular Usmaniyya, sai suka dasa tsinin abin zana da'ira a tsakiyar birnin Sakkwato, suka ja baka mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, suka ce nan ne iyaka. Sun yi haka ne shekara biyar kafin sojojin Ingila su shiga birnin a ranar 15 ga Maris 1903.

Ba a daɗe ba Faransawa suka gane cewa wannan kyakkyawar da'ira ta tura hanyarsu daga kogin Kwara zuwa Damagaram cikin ƙasar da ba ta da isassun rijiyoyi. Dole aka koma teburin shawara a 1904, aka sake daidaitawa a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar haɗin gwiwa, wadda Kyaftin Tilho ya jagoranci ɓangaren Faransa a cikinta, ta taka ƙasar da ƙafa tana tambayar rijiyoyi da garuruwa da hanyoyi, ta kafa turaku 148 daga Kwara zuwa Tafkin Cadi. Wannan ita ce iyakar da ta ratsa tsakanin Illela da Birnin Ƙwanni har yau.

Darasin da ke cikin wannan labari bai tsaya ga zaluncin mulkin mallaka ba. Manyan dauloli biyu, da dukkan kayan awonsu, sai da suka sauya yarjejeniya saboda rijiya. Wanda ya san inda rijiyar take kuwa shi ne makiyayi da bafatake da mai unguwa.

5.0 Abin Koyi Daga Tsaunukan Alps

Babu ƙasar da ta shahara da taswirar tudu da kwari kamar Suwizalan, wadda mafi yawanta tsaunuka ne masu ƙanƙara. Tsakanin 1845 da 1865 aka buga taswirar ƙasar baki ɗaya a kan takardu 25, bisa ma'aunin 1:100,000, a ƙarƙashin jagorancin Janar Guillaume-Henri Dufour. Saboda girman wannan aiki aka sa wa ƙololuwar dutsen da ya fi kowane tsayi a ƙasar, mai mita 4,634, sunansa. Tun daga nan ba su daina sabunta taswirorinsu ba, kuma daga 2021 suka buɗe su kyauta ga kowa a intanet.

Abin da ya fi dacewa a lura da shi shi ne matsayin da suka ba turbar ƙafa. A 1979 jama'ar ƙasar suka kaɗa ƙuri'ar sanya kare turbobin ƙafa a cikin tsarin mulkinsu, aka kuma yi doka a kan haka a 1985. Suna da turbobi masu alama da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 65,000. Ruwan ɗorawa alama ce ta turba mai sauƙi, fari da ja alama ce ta turbar dutse, fari da shuɗi kuma alama ce ta turbar da sai gwani. A kan allunan hanya ba nisa kaɗai suke dubawa ba, sa'o'in tafiya suke rubutawa, kamar dai yadda Bahaushe yake cewa tafiyar hantsi ko tafiyar yini. Bugu da ƙari, ƙasar tana da harsunan ƙasa huɗu, kuma sunan kowane kwari da makiyaya yana hawa taswira ne da harshen mutanen wurin.

Ana iya cewa ƙasar Sakkwato ba ta da tsaunuka irin waɗannan, domin birnin kansa bai wuce wajen mita 300 daga fuskar teku ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai ba tsayi kaɗai ke sa ƙasa wuyar ratsawa ba. A arewa da Sakkwato, cikin Jamhuriyar Nijar, akwai tuddan Adar masu marmara da zurfafan kwaruruka, inda ruwan Magiya yake gangarowa zuwa tafkin Kalmalo kusa da Illela. A kudu maso gabas akwai duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe, a kudu kuma akwai na ƙasar Zuru. Idan aka nausa gabas mai nisa akwai tsaunin Shere a Filato, mai mita 1,829, da Chappal Waddi a Jihar Taraba, mai mita 2,419, wanda ya fi kowane tsayi a Nijeriya. A duk waɗannan wurare akwai turbobin da mota ba ta bi, kuma a kansu rayuwar dubban mutane ta dogara. Baturen Alps yana bin turba ne galibi don shaƙatawa. Mutumin karkarar Sakkwato kuwa yana bin tasa ne don kai haƙuri asibiti, ko kai dabba mashaya, ko kai hatsi kasuwa.

6.0 Halin da Taswirorin Ƙasar Hausa Suke Ciki

Mafi yawan taswirorin tudu da kwari na Nijeriya masu ma'aunin 1:50,000 da 1:100,000 an zana su ne daga hotunan da aka ɗauka ta jirgin sama tsakanin shekarun 1950 da na 1970. Da ƙafa ake lissafin tsayi a cikin da yawa daga cikinsu. Tuddan da suka nuna suna nan, amma sauran abubuwa sun sauya. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma ta biyo baya a shekarun 1980, duka biyun sun sauya tafiyar ruwa a fadamun Sakkwato da Rima. Unguwanni irin su Arkilla da Mabera sun bazu a kan filayen da a da gonaki ne. Wannan ita ce matsala ta farko, wato tsufa.

Matsala ta biyu ita ce ta burtali. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, a 1998 kuma ƙungiyar ECOWAS ta amince da tsarin zirga-zirgar makiyaya tsakanin ƙasashenta. Amma doka ba ta kare abin da ba a san iyakarsa ba. Burtalin da babu shi a takarda, babu kuma turaku a gefensa, kowace damina sai garma ta ɗan gutsure shi, har ranar da garke zai iso ya tarar da gero a inda kakanninsa suka bi. A nan rigima take farawa, kuma idan aka je gaban alƙali ko hakimi, kowane ɓangare da nasa tsohon da zai rantse. A Nijar, bayan dokar karkara ta 1993, an bi burtalai da yawa an kafa musu turakun siminti bayan an zauna da manoma da makiyaya. Wannan bai kashe rigima gaba ɗaya ba, amma ya samar da shaidar da ido ke gani.

Matsala ta uku, wadda ta fi shafar malamin Hausa, ita ce ta suna. Wanda ya rubuta sunayen da ke kan tsofaffin taswirori ya rubuta su ne yadda kunnensa ya jiye masa. Sakkwato ta zama Sokoto, Tsafe ta zama Chafe, Kwatarkwashi ta zama Kotorkoshi, Boɗinga ta rasa ƙugiyarta. A tsallaken iyaka Maraɗi ta zama Maradi, Tasawa ta zama Tessaoua, Dogon Dutsi kuma ya zama Dogondoutchi. Wannan na ƙarshe ya isa a tsaya a kansa. Sunan asali yana gaya wa matafiyi abin da zai hango tun daga nesa, amma rubutun taswira ya rufe ma'anar har ɗan Hausa yana iya karanta shi bai ji Hausa a ciki ba.

7.0 Dalilin da Ya Sa Aikin Yake na Malamin Hausa

Dalili na farko shi ne, sunayen wurare a ƙasar Hausa taswira ce da aka adana a baki. Duk inda aka ji Tudun wane, an san ruwa ba ya kwanciya a wurin. Inda aka ji Fadama ko Kwari ko Tafki, an san sai an yi hattara kafin a kafa tubali. Hayi yana nuna tsallaken ruwa, Mashaya tana nuna inda dabbobi ke sauka, Zango yana nuna tsohuwar hanyar ayari, Tunga da Ruga suna nuna irin mutanen da suka fara zama, Kufai kuma yana nuna garin da aka tashi. Harshen ya bambanta jigawa da fako da laka da marmara, ya bambanta gulbi da ƙorama da kwazazzabo, ya kuma bambanta gwadabe da turba da burtali. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da irin waɗannan kalmomi, kuma da yawa daga cikinsu yaran birni ba su taɓa jin su ba. Malamin da ke koyar da ƙirar kalma da ma'ana yana da taska a nan wadda ba ta buƙatar sayen littafi.

Dalili na biyu shi ne ƙa'idar rubutu. Tun daga taron Bamako na 1966 zuwa na Yamai na 1980 masana suka yi ta ƙoƙarin daidaita rubutun Hausa. Malamin Hausa ne aka horar a kan wannan ƙa'ida. Shi ya san inda ƙugiya take, shi ya san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta. Shi ne kuma zai iya rubuta suna da daidaitacciyar Hausa, ya ajiye lafazin Sakkwatanci a gefensa, domin kada tabki da dutsi su ɓace da sunan gyara.

Dalili na uku shi ne yawan waɗanda yake isa gare su. Ba kowane ɗalibi ne yake ɗaukar darasin labarin ƙasa a babbar sakandare ba, kuma da Ingilishi ake koyar da shi. Malamin Hausa kuwa yana haɗuwa da yaro tun daga firamare, a ƙauyen da yaron ya san kowace turba. Yaron da aka nuna wa layin tsayi da ƙwarya da daro, cikin harshen da yake mafarki da shi, ba zai manta ba.

Akwai shaida ta kusa a kan cewa na'ura ba ta wadatar ba sai da harshe. Daga wajen 2012, masu yaƙi da cutar shan inna a jihohin Arewa suka koma ga hotunan tauraron ɗan'adam don zana taswirar garuruwa, saboda an gano cewa akwai tungaye da rugage da masu allurar riga-kafi ba sa kaiwa gare su, domin babu su a kowace takarda. Tauraron ya ga rufin ɗakuna, amma bai san sunan ko ɗaya ba. Sai da aka tura mutane suka tambayi masu unguwanni. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka taimaka har aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga Afirka a watan Agusta na 2020.

8.0 Sukar da Ake Iya Yi wa Wannan Ra'ayi

Mai suka na farko zai ce wayar hannu ta riga ta ɗauke wannan nauyi. Haƙiƙa waya tana da amfani, amma abin da aka zuba mata shi take nunawa. Ta san titin kwalta, ba ta san mashigin da ke ɓacewa a watan Agusta ba. Tana kuma buƙatar caji da hanyar sadarwa, waɗanda su ne farkon abin da ake rasawa a daji. Har ila yau, wanda bai iya karatun taswirar takarda ba, ba zai gane kuskuren ta waya ba. Gaskiyar magana ita ce wayar ta ƙara wa aikin muhimmanci, domin dandali irin su OpenStreetMap, wanda aka kafa a 2004, suna ba kowa damar shigar da sunan ƙauyensu da turbarsa. Idan masu harshen ba su shigar ba, wani zai shigar musu yadda kunnensa ya jiye masa, kamar yadda aka yi a baya.

Mai suka na biyu zai ce manhajar Hausa ta riga ta cika, kuma wannan shiga sharo ba shanu ne. Amsa ita ce ba sabon darasi ake nema ba. Insha'in bayani yana iya zama bayanin hanya daga makaranta zuwa kasuwa. Auna fahimta yana iya zama a kan taswira. Darasin adabin baka yana iya zama tattara tarihin sunan wani dutse. Darasin tarihin jihadi zai fi zama a zuciya idan ɗalibi ya bi hijirar Shehu ta 1804 daga Ɗagel zuwa Gudu da yatsa a kan taswira, ya ga inda Tabkin Kwatto yake.

Suka ta uku ita ce mafi nauyi, wato ta tsaro. Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar Zamfara da gabashin Sakkwato, musamman ƙasashen Isa da Sabon Birni da Raba. Babu mai hankalin da zai tura ɗalibai daji a irin wannan hali, kuma wasu suna tsoron kada taswira ta zama jagora ga ɓarayi. Sai dai ɓarawon daji ba ya jiran taswira, ya riga ya san turbobin fiye da kowa. Wanda ke cikin duhu shi ne ma'aikacin lafiya da mai kai agaji da sabon malamin da aka tura ƙauye. Abu na biyu kuma, wannan fitina ita ce babban dalilin gaggawa. Ƙauyuka da yawa sun tashi, mutanensu suna zaune a gefen Sakkwato da sauran garuruwa. Tare da su akwai tsofaffin da suka san sunan kowace rijiya da iyakar kowace gona da inda burtali ya bi. Idan suka ƙaura ba a rubuta ba, ranar da zaman lafiya ya dawo jikokinsu za su koma kufai ba su da shaidar komai. Ɗalibi ba ya buƙatar shiga daji kafin ya zauna gaban irin wannan dattijo da takarda da alƙalami.

9.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Ya kamata kowane sashen Hausa a kwalejojin ilimi, kamar Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, ya mallaki taswirar tudu da kwari ta yankinsa, ko da tsohuwa ce, ya kuma haɗa kai da sashen labarin ƙasa wajen koya wa ɗalibai karatunta. Ya kamata sassan biyu su zauna su daidaita kalmomin fannin da Hausa, domin kada kowane malami ya ƙirƙiri nasa. Haka kuma ya dace a karɓi tattara sunayen wurare a matsayin kundin kammala karatu. Ɗalibi ya zaɓi gunduma guda, ya rubuta kowane suna yadda ake furta shi da yadda ƙa'ida ta tanada, da ma'anarsa, da siffar wurin, da abin da tsohuwar taswira ta kira shi. Idan batun ya shafi burtali ko iyakar gona, wajibi ne ya ji daga manomi ya kuma ji daga makiyayi, ya rubuta duka biyun ba tare da ya yanke hukunci ba, domin shi mai tattarawa ne, ba alƙali ba. A ƙarshe a ajiye kofe a kwaleji, a miƙa wani ga hakimi da ofishin safiyo na jiha.

10.0 Kammalawa

An ga yadda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana wa baƙo kogi a kan yashi, da yadda rijiya ta tilasta wa dauloli biyu sauya iyaka, da yadda mutanen Alps suka ɗaukaka turbar ƙafa har ta shiga tsarin mulki. An kuma ga cewa taswirorin da ake da su sun tsufa, sunayen da ke kansu sun gurɓata, masu riƙe da sanin kuma suna ƙarewa. Awon tudu da kwari aikin safiyo ne, kuma tauraron ɗan'adam ya sauƙaƙa masa. Amma sunan tudun da tarihin turbar suna bakin tsofaffi, kuma babu na'urar da za ta ɗauko su daga sama. Ɗalibin da ke shirin zama malamin Hausa shi ne ya fi kowa cancantar ɗauko su, domin yana jin harshen, ya san ƙa'idar rubuta shi, kuma gobe shi za a tura ƙauyen. Idan ya yi wannan aiki, ya bar wa al'ummarsa shaida. Idan ya bari, wata rana za a nemi hanya a rasa wanda za a tambaya.

Tambayoyi

1. A bayyana ma'anar layin tsayi, tare da kawo wata dabarar koyar da shi ga 'yan aji biyar na firamare.
2. Wane darasi ne yarjejeniyar 1898 take koyarwa dangane da dangantakar taswira da sanin ƙasa?
3. A kawo sunayen wurare goma daga ƙaramar hukuma guda, a fayyace abin da kowane suna yake nunawa game da siffar wurin.
4. A rubuta insha'i na shafi biyu don goyon baya ko sukar ra'ayin da ke cikin wannan muƙala.